Yadda Za Mu Rufa Wa Manyanmu Asiri In Fitsari Ya Fara Kuɓuce Musu

A gidaje da yawa a Samaru da Sabon Gari akwai tsohuwa ko dattijo da ya daina fita. Dā ita ce kan gaba a taron zumuntar mata, ba biki ba suna da ake rasa ta. Yanzu in an zo kiranta sai ta ce ƙafa ce, ko kuwa jiri. Sau da yawa ƙafar nan lafiyarta lau. Abin da ya zaunar da ita shi ne fitsari da yake kuɓuce mata, tana tsoron ta tashi daga benci a ga zanenta a jiƙe, ko wanda yake kusa da ita ya ji wari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kunya ba ta barinsa ya faɗa.

Wannan zaman kaɗaici yana da illa. Tsohon da ya daina fita ƙarfin ƙafarsa yakan ragu, zuciyarsa ta yi ta ɓaci, abokai kuma su manta da shi. Alhali kuwa akwai abin da za a sa a ƙarƙashin tufafi, a je sujada, a je kasuwa, a dawo ba wanda ya sani. Shi ne abin da mutane suke kira famfas na manya.

Wane Iri Za A Saya?

Ana samunsa a manyan kantunan magani na PZ, watau unguwar ciniki ta Sabon Gari wadda ta samo sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis. Iri uku ne. Akwai ƙaramin ƙunzugu da ake mannawa cikin kamfai, domin wanda ɗigo kaɗan ne yake zubo masa in ya yi tari ko dariya. Akwai wanda ake sawa kamar gajeren wando, shi ya fi dacewa da mai tafiya da ƙafarsa, gama ya fi kwanciya a jiki. Sa'an nan akwai mai mannewa a gefe biyu, wanda ya fi ɗaukar ruwa, ya kuma fi sauƙin canzawa ga wanda yake kwance.

Audugar al'ada ta mata ba ta maye gurbin waɗannan. Don jini aka yi ta, fitsari kuwa yakan zubo da yawa a lokaci guda, sai ya bi ta gefe. A cikin famfas akwai wani gari mai shanye ruwa ya mai da shi kamar kamu mai kauri, shi ya sa ruwan ba ya komowa jiki.

Kafin a tafi kanti, a ɗauki tef na tela a auna ƙugu da kwankwaso, a rubuta wanda ya fi girma, a gwada da awon da aka buga a jikin fakiti. Mutane da yawa sukan sayi babba suna zaton zai fi riƙe ruwa. Kuskure ne. Babba yakan bar ƙofa a cinya, ruwa ya fita ta nan, ya kuma yi tudu a baya har a gane. Haka nan sa biyu, ɗaya a kan ɗaya, asarar kuɗi ce, domin bayan na ciki ba ya barin ruwa ya wuce zuwa na waje. In da hali a zaɓi mai baya kamar yadi. Mai bayan leda yana ƙara in ana tafiya, yana kuma tara zufa. A fara da fakiti ɗaya a gwada kafin a sayi da yawa.

Tufafin Da Za A Ɗora A Kai

A nan mun yi sa'a, gama ɗinkinmu na gida mai rufin asiri ne. Abu na fari ga mace da namiji duka, a ɗora kamfai ko gajeren wando na auduga mai kama jiki a kan famfas. Shi zai danne shi, ya hana shi zamewa, ya kashe ƙara.

Mace ta sa fatari, ta ɗaura zane, ta sa riga mai sauka ƙasa da kwankwaso. Atamfa mai duhu da zane-zane da yawa ta fi, domin ko ɗigo ya taɓa ta ba ya nunawa. Wadda take ɗaura zane biyu ta riga ta gama. Abin gudu shi ne siket mai matse jiki, da leshi mai shara-shara, da farin yadi marar kauri. In anko aka yi na biki, a ce wa tela ya saki ɗinkin kaɗan ta baya. Ba sai an gaya masa dalili ba.

Namiji mai sa kaftani ko babbar riga ba shi da damuwa, wando mai zariya yana da yalwa, rigar kuma ta rufe komai. Mai wahalar shi ne ma'aikacin ofis ko malamin makaranta da ya saba cusa taguwa cikin wandon Turawa. Shi sai ya nemi wando mai duhu wanda ya ɗan fi awonsa, ya sa singileti doguwa ya cusa ta yadda bakin famfas ba zai leƙo ba in ya sunkuya, ko kuwa ya koma ɗinkin da ake sakin riga a waje. Kafin a fita a tsaya gaban madubi, a juya, a zauna, a sunkuya. Wanda ya ga da idonsa ba abin da ya nuna, hankalinsa zai kwanta.

Maganar Wari

Hanci yakan riga ido tona asiri. Yawancin masu wannan lalura sukan rage shan ruwa don kada su yi fitsari. Wannan yana ƙara ɓata abin: fitsari ya yi kauri, ya yi ja, warinsa ya ƙaru, ya kuma dami mafitsara har ta riƙa matsawa a kai a kai. Ga zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, tsohon da ba ya shan ruwa yana iya galabaita. A sha ruwa sosai da rana, a rage in dare ya gabato. Abin da ya kamata a rage shi ne shayi, da kofi, da goro, da lemon kwalba irin su Coca-Cola, gama suna tsokanar mafitsara.

In famfas ya yi nauyi a canza, kada a jira don tsimi. In bayan gida ne a canza nan take. Kowane canji a wanke jiki da ruwa, a shanya da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a shafa man kare fata mai zinc oxide kaɗan. Basilin mai kauri da hoda sukan toshe fuskar famfas ya kasa shan ruwa. Turare kuma ba ya rufe warin fitsari, haɗuwa suke yi. In fata ta yi ja ko ta fara salewa, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Ranar Fita

Daga Samaru zuwa PZ a bas ko a keke, a bi ta Kwangila, a yi sayayya a dawo, rabin yini ya tafi. Sujadar Lahadi ma takan ɗauki awa biyu ko uku. Saboda haka a zaga bayan gida dab da fita, a sa sabo. A jaka a riƙe wani guda, da baƙar leda biyu, da ɗan tsumma, da zane ko wando na ko-ta-kwana. A majami'a a zauna a bakin benci kusa da ƙofa.

Wanda aka cire a naɗe shi, a ƙulle a leda, a sa a kwandon shara. Kada a jefa a masai na ruwa, zai toshe bututu. A shadda ma ba ya ruɓewa da wuri, cika ramin yake yi. Kada kuma a yar a kwata ko bayan gida inda karnuka da awaki za su ja shi tsakar unguwa.

Famfas yana da tsada, ba kowane gida ne zai iya sayensa kullum ba. Dabarar da ta fi ita ce a ajiye na kanti domin fita da dare, a gida kuwa a yi amfani da tsohon tawul ko yadin auduga da aka ninka, a wanke da sabulu a shanya a rana sosai. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado.

Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A ɓoye wa mutanen hanya, amma kada a ɓoye wa likita. Kuɓucewar fitsari alama ce, kuma dalilanta da yawa suna da magani. Ga mata, yawan haihuwa yakan sassauta naman da yake riƙe mafitsara. A shekarar 1948 wani likita a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana motsa jikin da yake ƙarfafa naman nan: a matse kamar mai riƙe tusa, a ƙirga biyar, a saki, a maimaita sau goma, sau uku a yini. Sai an yi wata uku ana yi kafin a yanke hukunci. Ga maza masu shekaru, sau da yawa wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci suke kira furostet, take kumbura. Ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da taurin bayan gida duk suna kawo shi. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, amma kada a daina sha sai da izinin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin mafitsara da na mata. Akwai kuma asibitin St. Luke a Wusasa.

Matar da fitsari yake zubo mata dare da rana ba tsayawa, tun bayan doguwar naƙuda, nata daban ne. Yoyon fitsari ke nan, watau mafitsara ce ta huje, kuma ɗinke ta ake yi. Ana wannan aiki a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan cikin Zariya, da Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara shi a shekarun 1980, da asibitin Jankwano a Jos. Kada a bar ta shekara da shekaru cikin ƙunzugu alhali ga magani.

Ga 'Ya'ya Da Jikoki

Yadda aka kawo maganar shi ne rabin aikin. 'Ya mace ta sami uwa, ɗa namiji ya sami uba, a ɗaki, ba a gaban yara ko surukai ba. Ana iya cewa, "Mama, ga wani abu na sayo muku don doguwar tafiya, ku gwada ku gani." Kada a kwatanta shi da na jarirai. A ajiye fakitin a akwatinsu, ba a kan tebur ba. Wanda zai iya sa wa kansa a bar shi ya sa. In kuskure ya faru, a gyara shiru, ba tsaki ba faɗa.

Su ne suka wanke mana tsumma muna ƙanana, ba su kai labarinmu kasuwa ba. In akwai wani a gidanku da aka daɗe ba a gan shi a taro ba, ku zauna da shi a wannan mako. A auna ƙugu, a je PZ, a ga likita, ranar Lahadi kuma a riƙe hannunsa a fita tare.