Ɗalibin baƙunta: tafiya ba wuya, sai lissafin dawowa

A shekarar 1958 wata matashiya 'yar Italiya, Sofia Corradi, ta koma Roma ɗauke da digiri na biyu a fannin shari'a daga Jami'ar Columbia ta Amurka. Ta je jami'arta ta gida ta nemi a lissafa mata karatun da ta yi a waje cikin darussan da suka rage mata, aka ce ba za a yi ba. Abin ya tsaya mata a rai, ta shafe shekaru tana bin shugabannin jami'o'i da magana ɗaya: ɗalibi ya iya zuwa wata jami'a ya yi zango, ya dawo gida a karɓi sakamakonsa.

Fafutukar irin su Corradi ce ta share wa shirin Erasmus hanya. Turai ta ƙaddamar da shi a 1987, kuma ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 ne suka fara tafiya. Yau waɗanda suka ci moriyarsa miliyoyi ne, ita kuwa Italiyawa suka laƙaba mata Mamma Erasmus.

Ɗalibin baƙunta bai sauya makaranta ba. Sunansa na nan a rajistar jami'arsa, ita ce kuma za ta ba shi digiri. Aron aji kawai yake yi a wani wuri, na wata biyu zuwa shekara ɗaya. A tsarin Erasmus ba ya biyan kuɗin makaranta inda ya sauka, har ma ana ba shi ɗan tallafin guzuri, ko da yake a manyan birane kuɗin haya kan cinye shi.

Ƙashin bayan shirin dai wata takarda ce da ake cikewa tun kafin a ɗaure kaya. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da ɗalibi zai ɗauka a can da waɗanda za su maye wa gurbi a gida, sannan mutum uku su sa hannu: shi kansa, da wakilin jami'arsa, da na masu masauki. Domin awon ya zo ɗaya, a 1989 aka ɓullo da ma'aunin ECTS, wanda ya ɗauki aikin shekara a matsayin kiredit 60, na zango 30, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30 ne, a aji da wajen aji. Mudu ɗaya ke nan ake awo da shi daga Lisbon har Helsinki. Wanda ya isa ya tarar an soke kwas, ko aji ya cika, dole ya gyara takardar a makonnin farko. In ya yi sakaci, sai ya dawo ya maimaita zango a banza.

Wani baƙuncin ba ya bukatar fasfo. A jihar Massachusetts ta Amurka, ɗalibin Harvard kan yi rajistar kwas a MIT, na MIT ma ya zo Harvard, alhali tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a birni ɗaya.

A Najeriya masu karatun harsuna ne suka fi sanin wannan hanya. Ɗaliban Faransanci kan bar jami'o'insu a aji uku su tafi Ƙauyen Faransanci da ke Badagry, na Larabci kuma su nufi Ƙauyen Larabci na Ngala a jihar Borno, wanda rikicin Boko Haram ya tilasta masa komawa Maiduguri. Sakamakon da suka samo yana shiga lissafin digirinsu ba gardama, domin tsarin ya riga ya tanadi haka.

Abin takaici, sauran fannoni ba su cika samun wannan dama ba, alhali fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma ijazar da malami ya bayar a wani gari ana girmama ta a wani. Ɗalibin noma na Zariya da ke son zango ɗaya a Maiduguri don ya ga noman fari da idonsa, abin da yake bukata shi ne shugabannin sassa biyu su zauna su daidaita kwasa-kwasansu, majalisun jami'o'in biyu su amince.