DILLANCIN GIDA DA FILI A GURE: YADDA SABON DILLALI ZAI FARA

Garin Gure yana kan babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram zuwa Difa. Tsakaninsa da Damagaram wajen kilomita 160 ne. Garin yana ƙaruwa. Ana turo malaman lakwal da ma'aikatan gidan likita da jandarmomi, kowa yana neman gidan haya. Ƴan kasuwa da masu dabbobi suna neman fegi su yi gini. Waɗansu kuma gona suke nema, ko garka a cikin kwari.

Shi ya sa samari suke sha'awar dillancin gida da fili. Sana'a ce da ba ta bukatar rumfa ko kaya. Amma tana da haɗari. Dillalin awaki in ya yi kuskure, akuya ɗaya ce ta salwanta. Dillalin fili in ya yi kuskure, gidaje biyu ne za su shekara suna shari'a. Shi kansa ana iya kulle shi.

AIKIN DILLALI

Dillali ba shi ne mai fili ba. Aikinsa shi ne ya haɗa mai sayarwa da mai saye, ko mai gida da ɗan haya. In ciniki ya faɗa, sai a ba shi la'ada. Jarinsa ɗaya ne: amana. A zamanin da, baki da shaidu sun isa. Yau sai an haɗa da takarda.

TA INA ZAI FARA?

Da farko ya bi wani tsohon dillali mai mutunci. Ya riƙa raka shi, yana gani yana saurare. Ya san unguwanni da masu unguwanni. Ya san farashin kowane gefe na gari. Ya je ofishin haraji ya tambayi abin da mai wannan sana'a yake biya.

Na biyu, ya sayi littafi da alƙalami da igiyar awo. Wanda ya iya karatu da rubutu ya fi saura, domin ba a ruɗe shi da takardar da bai gane ba. A littafin zai rubuta sunan mai gida, da unguwa, da yawan ɗakuna, da kuɗin da ake nema, da ranar da aka ba shi.

Na uku, ya fara da haya. Haya ba ta da nauyi kamar sayarwa. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba. Kafin lokacin, ya zagaya ya san gidajen da babu kowa. Baƙon da aka sama wa gida mai kyau, shi ne zai aiko da ɗan uwansa gobe.

BA KOWANE FILI AKE SAYARWA BA

Wannan shi ne babban darasi. Fili iri uku ne.

1. Fegin cikin gari. Meri, wato ofishin magajin gari, ita take yanka fegi. Kowane fegi yana da lambarsa, da turakun siminti a kusurwoyinsa. Mai fegi yana riƙe da takardar meri. A kanta an rubuta «acte de cession» da Faransanci. In an sayar da fegin, sai an koma meri an canza suna.

2. Gona da garka. Waɗannan suna ƙarƙashin dokar karkara da aka kafa ranar 2 ga Maris 1993. Dokar ta yarda da mallakar gargajiya, wato gonar da mutum ya gada kaka da kakanni. Ta kuma kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. An fara su a Mirya da Maine Sorowa a 1994. Akwai Kofo ta gunduma, da ta ƙaramar hukuma, da ta ƙauye. Maigari ko bulama shi ne shugaban ta ƙauye. A cikinta akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari, da magatakarda wanda ya iya rubutu. Kofo tana ba da takardar mallakar gargajiya, da ta sayarwa, da ta kyauta, da ta haya, da ta aro, da ta jingina.

3. Filin jama'a. Burtali da makiyaya da tafkunan da dabbobi suke sha ba na mutum ɗaya ba ne. Ba a sayar da su. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa. Abin da yake arewa da iyakar, ƙasar kiwo ce. A 2010 an yi dokar kiwo, ta ƙara hana wani ya killace wuraren kiwo ya ce nasa ne. A ƙasar Gure, inda manoma da makiyaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa, wannan magana ba ta wasa ba ce. In wani ya zo da fili mai arha ƙwarai a bakin burtali, dillali ya ja da baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN CINIKI

Ta ɗaya: yaya mai sayarwa ya sami filin? Saye ya yi, ko gado, ko kyauta? Wanda aka ba aro ko jingina yana iya noma gona shekara ashirin, amma ba tasa ba ce. Ba shi da ikon sayarwa.

Ta biyu: in gado ne, an raba? Nan ne rigima ta fi yawa. Ga misali. Uba ya rasu ya bar gona. Babban ɗa yana gida, ƙannensa biyu sun tafi ci-rani Libiya ko Najeriya, ƙanwarsu tana gidan miji. Babban ya sayar shi kaɗai. Mai saye ya zuba taki, ya haƙa rijiya. Bayan shekara biyu ƙannen suka dawo suka ce ba su san zancen ba. Ƙanwar ma tana da rabonta. Wa mai saye zai fara nema? Dillali. Don haka kada ya shiga cinikin gado sai dukan magada, maza da mata, sun yarda a gaban shaidu.

Ta uku: ina takarda? Sunan da yake kanta ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa na mai sayarwa? Kada dillali ya yarda da kwafi. Ya ga ta ainihi. Sa'an nan ya je meri ko wurin magatakardan Kofo a duba babban littafi. Akan sami fegi ɗaya da aka sayar wa mutum biyu.

Ta huɗu: ina iyaka? Gani ya kori ji. Ya je da ƙafarsa, ya kira maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. Ya auna. Fegi mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, murabba'in mita 400 ke nan. In takarda ta ce 400, igiya ta ce 300, akwai magana.

Ta biyar: mene ne aibin wurin? A ƙasar Muniyo akwai inda tudun rairayi yake matsowa yana binne gona. Akwai inda ruwa yake kwanciya da damina. Akwai garkar da kanwa ta yi wa yawa. A cikin kwari kuma yakan faru ƙasa ta wani ce, dabinon da yake kanta na wani. Dillali ya faɗa wa mai saye gaskiya tun da wuri.

LA'ADA

A yanke la'ada kafin ciniki, a kuma san wanda zai biya. Ga misalin lissafi. An shirya a kan 5 cikin 100. An sayar da fegi jika 400, wato sefa 400.000. La'adar ta zama jika 20. In dillalai biyu ne suka haɗa cinikin, kowa ya sami jika 10.

Akwai mugun hali da ya kamata a guje wa. Mai fegi ya ce jika 400, dillali ya gaya wa mai saye jika 500, ya ɓoye 100. Gure ba babban birni ba ne. Mutanen biyu za su haɗu a masallaci ko a kasuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

RANAR CINIKI

Mai sayarwa da mai saye su zauna wuri ɗaya, tare da shaidun kowa. Kuɗi ya fita daga hannun mai saye zuwa hannun mai sayarwa. Kada ya kwana wurin dillali. A rubuta takarda a ranar: sunaye, da wurin, da iyakoki, da kuɗi, da kwanan wata. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In gona ce, a yi takardar a gaban Kofo, a bar mata kwafi. In fegi ne, a tafi meri. Mai son ƙarin ƙarfi yana iya neman babbar takardar mallaka a ofishin kula da filaye na gwamnati.

Haya ma a rubuta ta: kuɗin wata, da ranar biya, da wanda zai biya ruwa da lantarki, da wanda zai yi yaɓe kafin damina.

IN RIGIMA TA TASHI

Rigimar gona tana fara zuwa wurin sarakunan gargajiya don sulhu. In sulhu ya gagara, sai a tafi gidan shari'a. A ko'ina za a kira dillali ya ba da shaida. A ranar ne littafinsa zai cece shi.

Sabon dillali ya yi haƙuri. Watannin farko la'ada kaɗan ce, tafiya da yawa. Wani cinikin ma dole ya bar shi, domin takarda ba ta cika ba. Wannan ba asara ba ce. Ranar da mutane suka fara cewa «in wane ne ya kawo filin, babu rigima», ranar ce sana'arsa ta kafu.