Kalmomin Ingilishi Na Masu Ganin Laifi Da Wuyar Bayyana Su Ga Mutanen Tailan

Malamin da ke koyar da Ingilishi a ƙasar Tailan yakan gamu da wata matsala idan ya zo kan kalmomin da ake siffanta mutum mai yawan ganin laifin jama'a da su. Ba ƙarancin kalmomi ne ke kawo ta ba, domin harshen Tai yana da su da yawa. Abin da ya faru shi ne, kowane ɗaya daga cikin harsunan biyu ya raba wannan hali ta hanyarsa.

Harshen Tai ya fi kula da yawan aikatawa. Akwai kalmar *khi*, wadda ainihin ma'anarta kashi, amma idan ta zo gaban aikatau sai ta nuna mugun sabo. Ta haka aka sami *khi bon*, watau mai yawan mita, kamar yadda aka sami *khi mao*, mashayi. Akwai kuma *chu chi*, mai tsanani a kan ƙananan abubuwa, da *chap phit*, watau “kama kuskure”. Waɗannan duka kalmomi ne na gida da kasuwa.

Ingilishi kuwa ya fi duban dalilin da ya sa mutum yake sukar, da kuma matsayin kalmar, ta littafi ce ko ta baka. *Captious* ta samo asali daga aikatau na Latin *capere*, kamawa, kuma tana nufin mai ɗana tarko cikin magana don ya kama abokin zancensa. Ɗalibi zai yi murna ya ce ai *chap phit* ke nan, tun da duka biyun suna da “kama” a cikinsu. Ta fuskar ma'ana ya kusa gaskiya, sai dai *captious* ba ta cika fitowa daga bakin Bature cikin hira ba. Wanda ya jefa ta ga abokinsa a wurin cin abinci, dariya za a yi masa. *Censorious* ta fi ta nauyi. Tushenta muƙamin *censor* na Romawa, wanda aka kafa a shekara ta 443 kafin haihuwar Annabi Isa domin ƙidayar jama'a, daga baya kuma aka haɗa masa sa ido kan ɗa'arsu. Saboda haka mai wannan siffa hukunci yake yanke wa halayen mutane, ba ya tsayawa kan gishirin miya. *Carping* ita ce ta yi kusa da *khi bon*, ko da yake mai *bon* yana iya yin mita a kan zafi ko tsadar shinkafa, alhali *carping* a kan aikin wani ko halinsa take faɗawa.

Tarko mafi kyau yana cikin *nitpicking*, kalmar da ta bazu a tsakiyar ƙarni na 20. *Nit* ƙwan ƙwarƙwata ne, don haka hoton da ke ciki shi ne na mai tsefe kai yana tsintar abin da ido bai cika gani ba. To, mutanen Tailan su ma suna da salon magana na ƙwarƙwata, *ha hao sai hua*, “neman ƙwarƙwata a zuba a kai”. Amma ma'anarsa jawo wa kai fitina, ba ruwansa da ganin laifin wani. Mai fassara da ya bi ƙwarƙwatar ya bar ma'anar, ya ɓata ke nan.

Wadda ta fi jawo asara ita ce *critical*. Tana iya nufin mai kushe, ko mai nazari da auna hujja, ko kuma halin rai kwakwai mutu kwakwai. Harshen Tai yana raba su: *ti* don kushe, *wichan* don sharhi, *wikrit* don mawuyacin hali, biyun na ƙarshe aro ne daga Sanskirit. A al'ummar da ake girmama *kreng chai*, watau nauyin ɓata wa wani rai, ɗalibin da ya koyi ma'anar farko kaɗai zai ji malamin jami'a daga Ingila ya ce masa ya zama *critical* cikin rubutunsa, sai ya ɗauka an umurce shi ya ci mutuncin manyan masana. Yakan zaɓi ya yi shiru, a kuma rage masa maki a kan shirun.