Filafilin Latin: Ma'anarsa da Aikinsa

A cikin littattafan tarihi da mu ke karantawa akwai wata kalma da ta kan faɗo wajen labarin tafiye-tafiyen mutanen Fotugal. Ingilishi suna rubuta ta lateen, a faɗe ta latin, da jan wasalin ƙarshe. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin teku ba, ga shi kuwa wata rana yaro zai ɗaga hannu cikin aji ya tambaye mu ma'anarta. Saboda haka ya kamata mu san ta sarai.

Filafili dai, a bakin masuntanmu, shi ne abin tuƙa kwale-kwale. Amma a nan ana nufin babban zanen nan da a ke ɗaurawa a jigon jirgin ruwa domin iska ta tura shi. Mafi tsufa shi ne mai kusurwa huɗu, wanda a ke ratayawa a gicciye. Shi kuwa latin kusurwa uku gare shi. A kan ɗaura shi jikin wata doguwar sanda, a rataye ta a karkace bisa gajeren jigo, ƙarshenta ɗaya ya sunkuya wajen goshin jirgi, ɗayan ya tashi sama ta baya. Sau da yawa sandan nan ta kan kai tsawon jirgin kansa, har sai an haɗa itace biyu ko uku an ɗaure.

Kalmar daga harshen Faransa ta fito, ma'anarta filafilin mutanen Latin, gama a Bahar Rum ne Turawan arewa suka saba ganinsa. An daɗe ana cewa Larabawa ne suka kawo shi daga Tekun Indiya. Amma masu tonon kayan dā sun sami siffarsa a zane-zanen Bahar Rum tun zamanin Rumawa, kafin zuwan Musulunci. Abin da ba shi da gardama shi ne, matuƙan Larabawa sun riƙe shi, sun gwanance da shi ƙwarai. Nasu ma, in ka duba da kyau, an ɗan yanke masa kusurwar gaba.

To, ina amfaninsa? Mai kusurwa huɗu sai iska ta biyo bayan jirgi ya ke jin daɗin aiki. In ta juyo ta gaba, sai a kwanta a jira. Latin kuwa, da ya ke yana kwance ne bisa tsawon jirgi, yana iya tarbar iska a kaikaice. Ka ɗauki ƙwallon dabino jiƙaƙƙe, ka matse shi da yatsu biyu: ta gefe ka matsa, amma gaba zai tsirge. Haka nan jirgi. Iska tana tura shi ta gefe, ruwa yana tokare cikinsa daga ɗaya gefen, ba shi da mafita sai gaba. Ba jirgin da zai fuskanci iska sosai ya tafi, kada wani ya gaya wa yara haka. Sai dai ya yi dama, ya yi hagu, kamar jaki mai kaya in zai hau tudu, har ya kai inda ya nufa.

Wannan ne ya sa labarinsa ya shiga tarihin Afirka ta Yamma. A gaɓar Sahara iska da igiyar ruwa duka daga arewa su ke zuwa. Gangarawa kudu ba wuya, komowa gida ita ce magana. Gil Eanes ya wuce Bojado a 1434, kuma ba da daɗewa ba mutanen Fotugal suka koma ga ƙaramin jirgin nan da su ke kira karabela, mai filafilan latin biyu ko uku. Da shi, da kuma dabarar kewayawa can tsakiyar teku a nemi iskar yamma, suka riƙa zuwa suna komawa. A 1482 suka gina ganuwar Elmina, a 1488 Bartolomeu Dias ya kewaye ƙarshen Afirka ta kudu. Hanyar da aka buɗe ɗin nan ta ɗauki zinariya, daga baya ta ɗauki bayi ba iyaka.

Amma latin yana da nasa aibu. In za a juya jirgi, dole a ciccibi doguwar sandan nan a kewayo da ita ɗaya gefen jigo, aikin mutum da yawa ne, da hatsari in teku ta tashi. Shi ya sa a 1492, da Kwalambas ya isa Tsibiran Kanari, ya sa aka sāke wa jirginsa Nina filafilai, aka ɗaura mata masu kusurwa huɗu, domin yana sa ran iska za ta bi bayansa zuwa yamma. A ganina wannan shi ne misalin da ya fi kyau a ba yara, gama ya nuna kowane iri da inda ya ke cin kasuwarsa. Daga bisani manyan jiragen Turai suka haɗa duka biyu: masu kusurwa huɗu a gaba, latin a jigon baya domin sauƙin juyawa.

Akwai ma inda kakanninmu suka gan shi da idonsu. A zamanin da mahajjata ke tafiya Makka ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, da yawa sun haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda cikin jirgin Larabawa da a ke kira sambuk. Jidda tana arewa maso gabas da Sawakin, iskar wannan yanki kuwa yawancin shekara daga arewa ta ke busowa, saboda haka a kaikaice a ke tarbarta. Wanda ya je Aswan kuma zai tarar da faluka na yawo da baƙi a Kogin Nilu da irin filafilin nan, iskar arewa tana kai ta sama, ruwa yana komo da ita.