Katangar da Ido Ba Ya Gani

Ƴan'uwa masu koyon karatu, ku ɗauki karan gero ku karya. Me ya ba shi wannan ƙarfi, alhali ba shi da ƙashi?

Jikin kowane tsiro ƙananan ɗakuna ne a jere, kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin ƙara girma. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya gan su a ɓawon itace, ya buga labarin a 1665.

Kowane ɗaki yana da katanga ta zare mai tauri, ana ce masa selulos. Ai kun san shi: kaɗar da mata ke kaɗi kusan duk shi ne. Idan ɗaki ya cika da ruwa, katanga ta riƙe shi, ganye ya miƙe. In ruwa ya ƙare, sai yaushi. Cikin mutum ba ya narkar da wannan zare. Saniya tana iyawa, da taimakon ƙwayoyin da ke tumbinta. Shi ya sa kara da harawa suke kuɗi a Cadakori da rani.

Funfuna kuwa ba tsiro ba ce. Tata katangar ta kitin ce, irin abin da ke ɓawon fara. Tana huda katangar tsiro ta ci abin ciki, amma sai da danshi. Wata mai kama gyaɗa tana barin dafi mai lalata hanta, dahuwa ba ta kashe shi. To, ku shanya gyaɗarku ta bushe ƙayau kafin ta shiga buhu. Ƙwayar da ta yi funfuna a zubar, ko dabba kada a ba.