Mata da Noman Gahawa

Gahawa, wadda wasu ke kira kofi, asalinta daga tsaunukan Habasha ne, amma a yau Barazil ce ta fi kowace ƙasa noma ta. Rahoton da Ƙungiyar Gahawa ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa a wasu yankuna mata ne ke yin har kashi 70 cikin ɗari na aikinta, alhali gonakin da suke gudanarwa ba su wuce kashi 20 zuwa 30 ba.

Su ne ke tsinko 'ya'yan da suka nuna, su tsince, su shanya. Sai dai a wurare da yawa mai gona ne ke shiga ƙungiyar manoma, shi ke kai kaya, shi ke karɓar kuɗi. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Macen da ba ta da takardar gona ba ta da abin jingina, saboda haka rance yakan gagare ta. Ga shi kuwa itacen sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara 'ya'ya.

Don haka gyara yakan fara ne daga mallakar ƙasa. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994, wanda ya bar zawarawa da yawa, Ruwanda ta kafa doka a 1999 da ta ba 'ya'ya mata haƙƙin gado daidai da maza. Wannan ya buɗe wa mata hanyar riƙe gona, su shiga ƙungiya da sunansu, kuɗin amfanin kuma ya shigo hannunsu kai tsaye.