Tiyatar Gyaran Muƙamuƙi: Amfaninta da Haɗarinta

Tiyatar gyaran muƙamuƙi aiki ne da likita ke yanka ƙashin muƙamuƙi, ya daidaita shi, sannan ya ɗaure shi da 'yan faranti da kusoshin ƙarfe. Akan yi ta ga wanda haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, da wanda karaya ta warke masa a karkace. A Nijar da arewacin Najeriya kuwa, akwai masu buƙata ta daban: waɗanda suka tsira daga cutar noma, mai zaizaye baki da kumatu, wadda ta fi kama yara masu tamowa 'yan shekara 2 zuwa 6. Idan gyambon ya warke, tabon yakan ƙame muƙamuƙi har cokali ya kasa shiga. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Amfanin aikin a fili yake. Yaron da ya shekara yana tura kunu ta giɓin haƙori zai iya tauna tuwo. Magana takan fita sarai, numfashi ya sauƙaƙa, wanda ke rufe fuska da mayafi ya koma cikin tsaransa.

Haɗarin ma ba ƙarami ba ne. Ana yin aikin ne da maganin sa barci, kuma zura bututun numfashi ga wanda bakinsa ba ya buɗewa sai ƙwararre. Akwai zubar jini da ruɓewar rauni. Jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa takan taɓu, leɓe da haɓa su mace na watanni, wani lokaci har abada. Idan gyaran cizon haƙora ne, likitoci kan jira ƙashi ya gama girma, don kada ya sake karkacewa.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne jinya. Ƙashi yakan ɗauki kusan mako 6 kafin ya kama, abinci kuma sai mai ruwa-ruwa kamar kunu da fura. Wanda aka buɗe wa ƙamammen muƙamuƙi dole ya riƙa motsa shi kullum tsawon watanni, in ba haka ba ya sake rufewa.

Nan ne nisa ke shiga lissafi. Mutumin Fachi, garin gishiri da dabino a tsakiyar hamadar Tenere, sai ya keta hamada zuwa Agadas kafin ya kama hanyar Yamai, ko Damagaram inda ƙungiyar Sentinelles ke kula da masu cutar noma, ko Sakkwato mai asibitin cutar noma tun 1999. Kafin iyali su amince, ya kamata su san inda mai jinyar zai zauna bayan aiki, da wanda zai duba shi idan rauni ya kumbura. Inda cin abinci ko numfashi ya gagara, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Inda gyaran kamanni kawai ake nema, jinkiri da ƙarin shawarar likita sun fi.